Katakon Da Ya Ba Ni Kunya A Gidan Surukai

Mai karatu, idan kana sha'awar yanka zane a katako da ɗan injin nan mai zarto siriri kamar zare, bari in ba ka labarin kunyar da na sha, ko ka tsira daga irinta.

Da aka sa ranar auren 'yata, na yi mata alkawarin zan yanka sunanta da na angonta a katako, ta rataye a falo. Na shiga 'yan katako ana tsakiyar damina, idona ya faɗa kan wani fallen ƙirya, ja, mai nauyi. Kyau kawai na duba. Ƙirya kuwa icen turmi ce da gawayin maƙera. Sai da na karya zarto huɗu, gefen haruffan duk ya ƙone ya yi baƙi. Haka na daure na gama.

Ashe katakon bai bushe ba. Hunturu na kamawa ya tsage, daidai tsakanin sunayen biyu. Uwar mijin ce ta fara gani. Ba ta ce uffan ba, amma har yau ina jin nauyin shirun nan.

Wani tsohon kafinta a unguwarmu ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Malam, zane ba tauri yake so ba, ice mai biyayya yake so." Ya nuna mini maɗaci: yana da ƙarfi, amma zarto na bin sa salin-alin. Loko ma yana yi, sai dai ƙurarsa na shaƙe ƙirji, dole ka sa takunkumi. Kauri kada ya wuce milimita 6 zuwa 12 in zanen ƙanana ne. Ka duba inda jijiyar icen ta nufa, domin siririn harafin da ya gitta ta shi ke fara karyewa. Uwa uba, in ka sayo katako ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ka ba shi makonni kafin ka taɓa shi.

Na sake yi mata wani da busasshen maɗaci. Hunturu uku ke nan yana rataye lafiya lau. Tsagaggen kuwa yana ɗakin aikina, inda nake ganinsa duk ranar da gaggawa ta taso mini.

Kai fa, wane ice ne ya taɓa yaudararka?