Madugun aljihu: abin da na koya kan hanyar Tamanraset

A wannan mako zan ba ku labarin wata ƴar na'ura da na tafi da ita ƙasar Aljeriya a shekarar 2019, wadda ta kusa halaka mu, sannan kuma ta fid da mu, duk cikin yini ɗaya. Na ga ya kyautu in faɗa, domin ƴan kasuwa da ma'aikata da yawa suna sayen irinta idan tafiya ta kama su, suna zaton sun sayi madugu sun sa aljihu.

Sunanta GPS. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, da pil biyu irin na rediyo take aiki. Na saye ta jikka 60 a nan Agadas wajen wani tsohon jagoran ƴan yawon buɗe ido, wanda sana'arsa ta mutu tun tawayen 2007. A lise an koya mana layukan da ke ratsa taswirar duniya, na tsaye da na kwance, mun hardace su don cin jarrabawa. Ranar da na kunna na'urar a gindin dogon masallacin Agadas, na ga ta rubuta mini lambobin wurin da nake tsaye, sai na ji kamar karatun nan ne ya tashi ya yi magana.

Ga yadda take aiki. Rundunar sojan Amurka ce ta harba taurarin ɗan Adam, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna yawo a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowane yana kewaya duniya sau biyu a yini. Kowanensu yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da wurin da yake. Idan na'urar ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda mai riƙe da ita yake. Kafin watan Mayu na 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon ga farar hula, kuskuren yana iya kai mita 100. Tun da aka ɗage wannan, kuskuren ya dawo ƴan mitoci. Rasha da Sin da Tarayyar Turai ma kowa yana da nasa tsarin.

Wana ɗan kasuwa ne, shi na raka Tamanraset cikin wata kat-kat. Direbanmu dattijo ne Ba'abzine, wanda tun yana yaro yake bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma. Baba muke ce masa. Da ya ga na'urar sai ya jujjuya ta, ya ce: "Ɗana, wannan tana shan ruwa?" Na ce a'a. Ya ce: "To, abin da bai san ƙishirwa ba, kada ka ba shi amanar mai jin ƙishirwa." Na yi dariya, na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Mun bi Arlit, muka kwana Asamaka, muka tsallaka iyaka zuwa In Gezam, daga nan gudron ya kai mu Tamanraset, tafiyar kilomita kusan 400. Da isarmu na adana wurin masaukinmu cikin na'urar, na fita kallon gari ni kaɗai, ina ji da kaina. Da magariba na ce ta mai da ni gida. Kibiyarta ta nuna gabas, ta ce saura mita 800. Na bi, na ci karo da doguwar katanga. Na kewaya, na faɗa busasshen kwari. Irin tawa ba ta da taswirar titunan garin, miƙaƙƙen layi kawai ta sani, kamar tsuntsu. Ina cikin haka pil ya ƙare. Larabcina bai wuce na gaisuwa ba, Faransancin da nake taƙama da shi kuma bai san sunan unguwar ba, domin ban damu in tambaya ba. Wani mai shayi ne ya ji ina guna-guni, ya ce mini da Hausar Damagaram: "Malam, kai baƙo ne?" Na kwatanta masa gidan, ya haɗa ni da yaronsa. Matambayi ba ya ɓata, amma ni na'ura ta sa na manta da tambaya.

Babban darasin yana kan hanyar dawowa. A lokacin babu gudron tsakanin Asamaka da Arlit, sama da kilomita 200 na fili, sai sawun motoci da ƴan alamun da aka kafa. Baba ya ɗauki wata hanya mai lanƙwasa. Na duba na'urar, na ga idan muka miƙe za mu rage tafiya sosai. Na dame shi, wana ma ya goyi bayana saboda gazwal. Baba ya ce: "Can ƙasa ba ta da ƙashi." Muka nace, ya yi shiru, ya juya mota. Ba mu yi rabin awa ba ƙafafu huɗu suka nutse cikin wani rairayi mai laushi kamar gari, wanda samansa yake kama da tsandauri. Muka wuni muna haƙa, muna shimfiɗa tol, muna turi. Bido guda na ruwa ya tafi. Babu wanda ya ce mini uffan, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Muna fitowa da la'asar iska ta taso. Kafin magariba ta shafe sawunmu ƙaf, ƙura ta rufe sama. Baba mutum ne mai karanta taurari, ya san fitowar Kaza da Ƴaƴanta, ya san Amanar, wanda a Tamajak ma'anarsa jagora. A daren nan ko ɗaya bai gani ba. Mun zauna cikin mota, kowa yana lissafin ruwan da ya rage, ni kuma ina tuna mutane 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda aka tsinci gawarwakinsu a arewacin Arlit a watan Oktoba na 2013, bayan motocinsu sun lalace. Da asuba ƙurar ba ta kwanta ba. Sai Baba ya juyo ya ce: "Ɗana, abin nan naka ya tuna inda muka baro hanya?" Ashe ta tuna, domin tun safe tana zana sawunmu. Na sa sabon pil, na riƙa faɗa masa dama da hagu, shi kuma yana kallon ƙasa yana kauce wa inda ba ta da ƙashi. Kafin hantsi muka ga alamar hanya.

Abin da na fahimta ke nan. Na'urar tana faɗa maka inda kake da inda ka fito, ba tare da ƙarya ba. Ba ta san taurin ƙasa ba, ba ta san ko rijiyar da ke rubuce cikinta ta ƙafe ba, ba ta san inda ƴan fashi suke tsare hanya ba, ba ta kuma san inda dokar ƙasar mutane ta hana bi ba. Sannan mutane da yawa suna zaton idan sun ɓata za a gan su ta cikinta. Ba haka ba ne: karɓar saƙo take yi, ba ta aikawa. Kana iya mutuwa da ƙishirwa kana sane da lambobin kabarinka.

Saboda haka, ɗan'uwa matafiyi, kafin ka tsallaka iyaka da ita, tambayi dokar ƙasar da za ka, domin wasu ƙasashe suna neman izini kafin a shigar da ita. Riƙe pil na ajiya. Rubuta lambobin masauki da na rijiyoyi a takarda, ka duba su sau biyu, domin kuskuren digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne. Bar wa na gida labarin hanyar da za ka bi da ranar da za ka isa. Fiye da kome, kada ka musa wa wanda ya san ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne irin su Baba suna ƙarewa, samarin direbobi kuma allo suke kallo, ba ƙasa ba. Taurarin da na'urar ke saurare na wasu ne, masu su suna iya gurɓata saƙon ranar da suka ga dama, kamar yadda suka yi kafin 2000. Sanin Baba kuwa namu ne, ba a sayar da shi a kanti. Da muka iso Agadas na miƙa masa na'urar kyauta, don kunya. Ya mayar mini, ya ce: "Riƙe abinka. Gobe ka zo da littafi, in faɗa maka rijiyoyi, ka rubuta." Na je, kuma littafin yana nan.

Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mako mai zuwa.