Ranar da Muka Matsa Iyakar Faifai

Mu huɗu ne a nan Kangire muke amfani da kwamfuta guda, 'yar gwanjo da muka haɗa kuɗi muka sayo a Kano bayan mun gama difloma. Duk abin da muka rubuta cikin shekara uku yana cikinta: gajerun labarai, waƙoƙi, da littafin babbanmu da ya kai babi goma sha ɗaya.

Windows 7 ce a kanta, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. Duk ranar da muka kai filashi shagon buga takardu a Birnin Kudu, da ƙwayar cuta yake dawo mana. Sai muka yanke shawarar ɗora Linux Mint kusa da Windows, mu riƙa rubutu a can, mu bar Windows saboda CorelDRAW da muke tsara bangon littafi da shi. In an kunna, mutum ya zaɓi wadda zai shiga.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon gonar gado zai gane aikin da sauri. Faifan ajiya fili ɗaya ne, ana yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da iyakarsa, akwai kuma ɗan allo a farkon faifan da ke riƙe da lissafin inda kowace iyaka ta tsaya. Namu tsohon tsari ne da ake kira MBR, wanda ba ya ɗaukar manyan kashi fiye da huɗu, kuma duka huɗun a cike muka same su: ƙaramin da ke tayar da Windows, sai C, sai D inda rubuce-rubucenmu da finafinai suke, sai na ƙarshe da mai shago ya zuba tarkacensa. Mafita ita ce a rushe na ƙarshen, a mayar da shi kashin da ake iya sake yankawa a cikinsa, a ba Linux. Wannan bai ɗauke mu minti goma ba da manhajar GParted.

Da a nan muka tsaya, da babu wannan rubutun. Amma C ya cika har ya yi ja, sai muka ce tunda an zo rabo, bari a ƙara masa daga D. Abin da ba mu auna ba shi ne rage kashi ta ƙarshensa daban, matsa shi ta farkonsa daban. In za a matsa farkon D, sai an kwashe duk abin da ke cikinsa an gusar da shi gaba, kamar a ce a matsar da gona da shukarta. GParted ya yi mana gargaɗi, ya ce a ajiye kwafi. Muka dubi filashinmu mai giga takwas, muka dubi juna. Ƙaraminmu ya ce, "Yaya, ai yawanci yana WhatsApp." Babbanmu ya gyaɗa kai. Muka danna.

An yi kusan awa biyu ana aiki aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar gwanjo kuwa kun san shi. Kafin ɗayanmu ya kai gidan mai janareta ya dawo, allo ya yi baƙi. Da muka kunna, D yana nan da sunansa, amma Windows cewa take a goge shi kafin a yi amfani da shi. Allah ya taimake mu ba wanda ya taɓa wannan maɓallin.

Kwana biyu muka yi muna neman aron faifan waje, don abin da aka ceto ba a zuba shi kan faifan da ya lalace. Daga nan muka saki PhotoRec, manhajar kyauta ce da ke bin faifai taku-taku tana tsinto fayiloli ta siffarsu, ba ta damu da lissafin da ya ɓace ba. Ta tsinto da yawa. Sai dai ba ta dawo da suna ko jaka ba. Kowane fayil ya fito da harafin f da jerin lambobi, an cakuɗa na kowa da na kowa, har da tsofaffin kwafin da muka goge tuntuni.

Haka muka shimfiɗa tabarma a zaure dare uku, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ana karanta sakin layi na farko da ƙarfi. Na babbanmu ba a kai layi uku ake ganewa, domin mutanensa ba sa magana sai suna wani aiki da hannu, ko sussukar gero ko ɗaurin akuya. Mai waƙoƙinmu ma an san shi da gajerun ɗangwaye da yawan ambaton damina. Inda aka yi shiru shi ne kan labarai bakwai na sauran mu biyun. Duka sun buɗe da budurwa a gaban madubi, da mota mai baƙin gilashi a ƙofar wani gida a Abuja, garin da a cikinmu mutum ɗaya ne ya taɓa kwana. Biyu daga ciki har muka yi musu a kansu, kowa na cewa ba nasa ba ne. Dariya aka yi, amma ba ta yi mana daɗi ba.

Babi na tara da na goma na littafin babbanmu ba su dawo ba, da alama suna daidai wurin da aikin ya katse. Ya sake rubuta su cikin wata guda, ya ce na taran ya fi na da, na goman kuma har yanzu yana jin akwai hirar da ta tafi.

Yanzu kwamfutar tana tashi da Linux da Windows lafiya. Rubutu yana kashinsa shi kaɗai a tsarin NTFS, don duka biyun su iya buɗe shi, duk Juma'a kuma ana kwafe shi zuwa filashi da Google Drive, tunda kashi daban a faifai ɗaya bai cece mu ba. Labaran nan bakwai muka zuba su a jaka guda muka sa mata suna "Ba Mai Su". Watanni biyar ke nan, ba wanda ya zo ɗauka.