Jayyid Ba Ya Tsallaka Iyaka

A takardar digiri ta Sudan akwai kalma ɗaya da ke bin mutum duk inda ya nufa: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid ko makbul. Ni da jayyid na fito a fannin noma, kashi 68 cikin ɗari. A Mai Wurno, garinmu na bakin Shuɗin Nilu, ba wanda ya tambayi ma'anarta. Tun da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin bayan yaƙin Burmi na 1903, allo da gona da su muka gada, sai tsinkar auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. A irin gidanmu, digiri ko wane iri ne abin yanka rago ne.

Malamanmu a jami'a, wadda ba zan kama sunanta ba, rowar maki ce abin alfaharinsu. Shekara na iya wucewa ba a ga mumtaz ko ɗaya a sashenmu ba. Ba na ƙin wannan gaba ɗaya. Malamin da ya fi matse mu shi ya koya mini auna gishirin ƙasa da lissafin ruwan ban gona, kuma har yau da iliminsa nake cin abinci.

Sai dai lamba tana tafiya ita kaɗai, labarinta yana gida. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya kashi 75 yake nema ga mai son digiri na biyu. Na Chevening a Ingila yana neman kwatankwacin babbar daraja ta biyu. Jami'in da ke tantance takardu a Ankara bai san cewa 68 ɗina shi ne na huɗu a ajinmu ba. Bayan 1990 jami'o'i sun yawaita a Sudan, na gwamnati da na kuɗi, kuma ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Na san wanda muka yi sakandare tare, ya je inda hannun malamai ke sake, ya fito da 82, ya wuce.

A cikin gida akwai hanya: mai ƙaramin sakamako ya yi babbar difloma tukuna, sannan ya nemi digiri na biyu. Shekara guda ce da kuɗin makaranta da na haya. Ɗan attajirin Khartum zai biya bai ji ba. Ɗan kambo, wanda uwarsa ta sayar da gyaɗar bana don kuɗin rajista, nan karatunsa yake tsayawa. Shi ne kuma wanda ya tashi da Hausa a gida, ya rubuta jarrabawa da Larabci, ya nemi littattafai da Turanci.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, a riƙa rubuta matsayin ɗalibi a ajinsa kusa da makinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disamba, ya sa samun takardar makin ma kanta ya zama aiki. Malamin nan nawa mai rowa yana gudun hijira a Alƙahira yanzu. Na rubuta masa na ce, "Ustaz, a taimaka mini da wasiƙar shaida." Ya aiko da shafi biyu cike da yabon da bai taɓa furtawa a aji ba. Na haɗa da takarduna na tura Kano, ina jiran amsa.