Akawu Ɗaya, Asusu Uku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka, in da fili, ka ba ni ɗan wuri a cikin jaridarmu in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai wani abin da ya same ni. Na san waɗansu za su ce, "Me ya kawo zancen wasa cikin jaridar manya?" To, su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, gama abin da ya taɓa albashin mutum da barcinsa ya wuce wasa.

Ni akawu ne, shekaruna sun ɗan haura talatin. A makarantar Mishan na yi karatu, can aka koya mana lissafi da tsaron littafin kuɗi, malaminmu kuwa ba ya yarda kwabo ya fita ba a rubuta inda ya tafi ba. A shekarar 2020, sa'ad da aka kulle gari saboda cutar korona, zaman gida ya gundure ni, sai wani abokin aikina ya nuna mini wani wasan da ake yi a kwamfuta ta intanet, sunansa EVE Online. Wani kamfani ne na ƙasar Aislan, mai suna CCP, ya fito da shi a shekarar 2003. A cikinsa kowa matuƙin jirgin sararin samaniya ne, yana yawo tsakanin taurari fiye da 7,000, wani yana yaƙi, wani yana fatauci, wani kuwa yana haƙar ma'adinai daga duwatsun da ke shawagi a can. Wasan yana da kuɗinsa da ake kira ISK, yana da babbar kasuwarsa a wani wuri wai shi Jita, wadda take a gare su kamar yadda kasuwar Kurmi take ga fataken dā. Jirgin da aka farfasa maka kuwa ya tafi ke nan, sai ka sayi wani. Da na ga abin duk saye ne da sayarwa da lissafin riba, sai na ce, ai wannan an yi shi ne domin akawuna.

Na fara da asusu ɗaya. Asusu shi ne rajistar da mutum ke yi da suna da kalmar sirri don ya sami shiga. Tun shekarar 2016 kamfanin ya yarda a shiga kyauta, ana kiran irin wannan asusun Alpha, wanda ake biya kowane wata kuwa Omega. Da na kyauta na soma, cikin ɗan ƙaramin jirgin haƙa mai suna Venture, daga baya na biya don in hau manyan jiragen haƙa, waɗanda ba a ba mai shiga kyauta.

Ran nan ina haƙa, sai na ga jirage wajen goma sun sauko tare, sunayen matuƙansu iri ɗaya, lamba kaɗai ta bambanta su, suna bin wani babban jirgi mai suna Orca kamar 'yan tsaki da uwarsu. Kafin in cika cikina sau ɗaya sun share wurin tas. Na yi tambaya, aka ce mini ai mutum guda ne ke tuƙa su duka. Turawa suna kiran wannan da wani suna mai ma'anar akwatuna da yawa, domin a dā sai mutum ya jera kwamfuta biyu ko uku, kowace da asusunta. Yanzu kuwa kwamfuta ɗaya tana iya buɗe wasan sau da yawa, kowane asusu da tagarsa. Daga ran nan zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ga wanda ke son farawa, bari in faɗi abin da na koya, bi da bi. Na fari, a karanta dokar wasan tun ba a kashe ko kwabo ba, domin kowane wasa da tasa. A wannan wasa an yarda mutum ya mallaki asusu ko nawa ne, amma in zai buɗe su lokaci guda, tilas kowannensu ya zama na biya. Ba a haɗa na kyauta da wani. Asusu ɗaya yana ɗaukar matuƙa uku, amma ɗaya kaɗai ke iya shiga a lokaci guda, saboda haka mai son jirage biyu a fili sai ya biya sau biyu. An kuma hana ba wani aron asusu, ko da ƙanenka ne.

Na biyu, akwai manhajar da ke ɗaukar danni ɗaya ta rarraba shi ga tagogi duka, watau ka danna sau ɗaya jirage goma su motsa. Kamfanin CCP ya haramta wannan tun ran 1 ga Janairu, 2015. Wanda aka kama, karon fari a dakatar da shi kwana 30, karo na biyu a kore shi har abada. Kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasan World of Warcraft, shi ma ya hana irin wannan manhaja a watan Nuwamba na 2020, ya ƙara da hana na'urorin da ke yin aikin a 2021. Ma'anar dokar ita ce kowane jirgi da hannunka za ka ba shi umurni, ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, a duba ƙarfin kwamfuta. Kowace taga tana cin nata rabon ƙwaƙwalwar na'ura. Tawa mai gigabait 8 ce, da na buɗe taga biyu sai ta ɗauki zafi tana huci, har sai da na rage kyawun hoto zuwa mafi ƙanƙanta, na kashe sautin taga ɗaya, kana ta lafa. Na huɗu, a raba aiki tun da wuri, a ba kowane matuƙi sana'arsa, gama a wannan wasa matuƙi yana koyon aiki ne da tafiyar agogo, ko kana ciki ko kana barci, kwanakin da aka ɓata kan koyon abin da ba shi da amfani kuwa ba su dawowa.

A farkon 2023 na buɗe asusu na biyu. Na sa ɗaya yana haƙa yana zubawa cikin sanduƙi, ɗaya yana kwashewa zuwa tasha. Hakika abin ya yi kyau, domin mai haƙa ya daina ɓata lokaci wajen kai da komowa. Na sayi sabon littafi, na ja layi, na rubuta abin da ke shiga kowane dare. Da na ga riba ta ƙaru, sai na ce in biyu sun ba da haka, uku fa? Kafin damina ta yi nisa na buɗe na uku. Ashe ganin kitse nake yi wa rogo.

Malam Edita, ga inda lissafin ya karye. A watan Mayu na 2022 kuɗin wata ya tashi daga dala 14.95 zuwa dala 19.99, watau asusu uku sun tasam ma dala 60. Sa'ad da na buɗe na biyu, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ko da yake mu masu saye a kasuwa mun fi haka biya. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Dala 60 ta zama naira 90,000 ke nan kowane wata. Mai karatu ya tuna, mafi ƙanƙantar albashin da aka amince da shi a ƙasar nan a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ban da kuɗin data, ban da man janareto in wuta ta ɗauke.

Akwai wata hanya da na dogara a kanta. Ana sayar da wani abu mai suna PLEX a kasuwar wasan, wanda ya tara 500 ya biya wata ɗaya ba tare da ya taɓa aljihunsa ba. Na ce to, jiragen su ciyar da kansu. Sai na shiga zama daga bayan cin tuwon dare har ƙarfe biyu, wani lokaci uku, ina tsalle daga wannan taga zuwa waccan. Abin da na shiga don hutawa ya zama mini ofis na biyu, babu albashi, babu ranar hutu.

Wani dare na kai jirgin dako kasuwa, na tsaya ina duba farashi, na manta da masu haƙa biyu. A wasan akwai 'yan doka da ake kira CONCORD, amma aikinsu hukunta mai laifi ne bayan ya aikata, ba su tare hari kafin ya auku. Waɗansu 'yan wasa sun mai da farautar masu haƙa sana'a, dokar wasan kuwa ba ta hana ba. Ko da na juya tagar, sai tarkace na tarar. Abin da na tara cikin mako uku ya tafi cikin lokacin da bai kai na shan kofin shayi ba. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, gama Hausawa sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa uku na cusa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kashegari a ofis, ido na yaji don rashin barci, na juya lamba biyu cikin takardar biyan ma'aikata. Babban akawunmu, dattijo ne mai haƙuri, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, shekara nawa muna tare ban taɓa gyara maka lissafi ba. Lafiya kuwa a gida?" Na rasa bakin magana. Da na koma gida kuma uwargida ta tuna mini da kuɗin makarantar yarinyarmu, na ce ta dakata sai ƙarshen wata. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Maigida, littafin nan da kake rubutu kullum dare, ban taɓa ganin an sayi ko gishiri daga cikinsa ba."

A daren nan na ɗauko littafin, na ƙara layi biyu da ban taɓa ja ba, ɗaya na nairar da ta fita, ɗaya na sa'o'in da na zauna. Da na haɗa jimla, sai kunya ta kama ni, domin na tsare lissafin kuɗin da ba ya sayen kome har kwabon ƙarshe, na bar na gaske yana zuba. Da malaminmu na Mishan ya ga littafin nan, da na sha bulala.

Na daina biyan asusu biyu. Abin da ban sani ba sai a lokacin, wanda ya daina biya ba ya rasa matuƙinsa ko kayansa, asusun yana komawa na kyauta ne, ya jira ranar da aka sake biya. Yanzu ɗaya nake riƙe da shi, Asabar da Lahadi kaɗai nake shiga, in ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta buga kuwa in rufe. Na shiga wata ƙungiya ta 'yan wasa, wani yana haƙa, wani yana dako, wani yana gadi, aikin da nake yi ni kaɗai da tagogi uku yanzu muna yinsa muna hira.

Ban ce kada kowa ya buɗe asusu na biyu ba, gama halal ne a dokar wasan, akwai kuma masu hali da sukunin da ya dace da su. Shawarata ita ce mutum ya fara da biyu, ya yi wata uku cur yana rubuta naira da sa'o'i, kana ya yi tunanin na uku. Kada ya biya da kuɗin da ke da mai shi a gida, kada kuma ya taɓa manhajar da aka hana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina so in ji ra'ayin malaman makaranta musamman, domin na ga almajiransu da yawa suna riƙe da asusu biyu ko uku a wasannin waya, kuma ban tsammanin akwai mai tambayarsu inda kuɗin data ke fitowa.

Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini, amin. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Jos.