Sunayen da Ake Kira a Watan Nuwamba

A ƙasar Haɗejiya kaka tana shigowa ne da janyewar ruwa. Kogi ya koma makwancinsa, fadamun Auyo da Kirikasamma su bar laka da kacalla, a hau yankan shinkafar da ta tsira, tsuntsayen Turai kuma su fara sauka a dausayin Baturiya don gudun sanyin ƙasarsu. A lokacin ne manomi ke sanin abin da damina ta bar masa da abin da ta tafi da shi.

Cikin wannan yanayi mu mabiya ɗarikar Katolika muke riskar 2 ga Nuwamba, ranar addu'a ga masu bi da suka riga mu gidan gaskiya. Al'adar ta yaɗu ne daga gidan ibadar Kuluni a Faransa, kusan shekara dubu da suka wuce. Can ana danganta ta da zubar ganye da gajartar yini; mu a nan ta faɗo mana daidai lokacin auna hatsi. 'Yan'uwanmu na ECWA ba sa yi wa mamaci addu'a, godiya suke yi don rayuwarsa, kuma ba muhawarar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne takardar sunaye. Kowane gida ya rubuta mamatansa, a ajiye kusa da bagade har watan ya ƙare. Da yawa daga cikinmu aiki ko kasuwanci ne ya kawo iyayenmu Jigawa, kaburburan namu suna Kudancin Kaduna, ko Filato, ko ƙasar Ibo, inda kuɗin mota ba ya kai mu kowace shekara. Kabarin mahaifiyata yana da nisan yini guda daga nan. Idan Fada ya kira sunanta da ƙarfi, ya ɗan gurɓata shi kamar yadda baƙo kan yi, 'ya'yana da ba su taɓa ganinta ba sukan juyo su dube ni.

Na fi jin nauyin wannan tun bayan ambaliyar 2022. Ruwa ya ci gidaje da gonaki, ya ci mutane, a rediyo kuwa adadi kawai muke ji: mutum kaza a wannan ƙaramar hukuma, kaza a waccan. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi wa nasu jana'iza da addu'a, iyalai sun riƙe sunayen. Amma a matsayinmu na al'umma ɗaya, ina aka rubuta su? Lissafin buhunan tallafi ya fi na mamatan tsari.

Bana, ƙarƙashin sunan mahaifiyata, zan ƙara na wani masunci da ke kawo mana kifi, wanda kwalekwalensa ya kife a wannan damina. Musulmi ne, don haka sai da na nemi yardar ɗansa. Ya yi shiru, sannan ya gyara mini yadda ake rubuta sunan.