Wa Ya Nuna Ka? Yadda Shafi Ke Hawa Sama a Google

Mu ɗalibai mun saba da abu guda: da zarar malami ya ba da aikin gida, sai mu ɗauki waya mu tambayi Google, mu danna amsar farko, mu kwafe. Kaɗan ne daga cikinmu ke gangarawa ƙasa, balle su leƙa shafi na biyu. Tunda mun miƙa wa amsar farko amanarmu haka, ya kamata mu san yadda aka yi ta samu wannan kujera.

Labarin ya faro ne a 1996 a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka lura da mahaɗai, wato rubutun nan mai launin shuɗi da ake dannawa ya kai mutum wani shafin. Suka ce duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa wani, tamkar ya ba shi shaida ne. Tsarin da suka gina a kan wannan tunani shi ne PageRank, kuma da shi suka kafa kamfanin Google a 1998.

Sai dai shaida suna ta tara. Mahaɗi ɗaya daga shafin babbar jami'a ko jarida mai suna ya fi ɗari daga shafukan da babu mai nuna su, domin shi ma mai ba da shaidar ana auna shi da waɗanda suka shaide shi. Waɗanda suka yi karatun hadisi a Islamiyya ba za su ji wannan baƙon abu ba: ana duba wa ya ruwaito, daga wa ya ji, kuma mene ne matsayinsa. Hatta kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗin suna da tasiri, don su ke gaya wa Google abin da shafin ya ƙunsa.

Wannan ke nan game da mahaɗan da ke shigowa. Su kuwa masu fita, shafi yana raba nauyinsa ne tsakanin duk waɗanda ya nuna. Wanda aka nuna cikin mutum biyar ya fi samun rabo a kan wanda aka nuna cikin ɗari biyar. Sannan wanda ka nuna yana faɗin ko kai wane ne. Shafin da ya cika da nuna shafukan damfara yana iya faɗuwa tare da su, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2005 kuma aka fito da alamar nofollow, wadda mai shafi ke liƙawa don ya ce, “Na nuna, amma ban tsaya masa ba.”

Inda duk shaida ke da daraja, za a samu masu sayenta. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa dubban mahaɗan bogi ne suka ɗaga kantin J.C. Penney sama a bincike iri-iri, Google kuwa ya jefo shi ƙasa. A 2012 kamfanin ya fito da tsarin Penguin don farautar irin wannan maguɗi. Tun kafin nan ma, a 2003, wasu sun haɗa baki suka riƙa nuna shafin tarihin Shugaba George W. Bush da kalmomin Turanci masu ma'anar “mummunar gazawa”, har ya zama shi ke fitowa farko idan an nemi kalmomin. Sai a 2007 aka gyara.

To, ƙannenmu, ga abin da muke so ku riƙe. Yau Google na duba abubuwa masu yawa ban da mahaɗai, amma har gobe suna da nauyi, kuma abin da suke aunawa shi ne yawan masu nuni da ƙimarsu. Na'ura ba ta zauna ta tantance gaskiyar kowace jimla ba. Kafin ku kwafe amsa, ku duba wa ya rubuta, kuma ko ya nuna inda ya samo.

Wasunku kuma gobe za su buɗe shafukansu, su yi rubutu da Hausa kan kimiyya ko tarihi ko wasanni. Idan wani ya zo yana tallar mahaɗai dubu a kan 'yan kuɗi, ku tuna da J.C. Penney. Ku rubuta abin da wani zai ji daɗin tura wa abokinsa, ku nuna majiyarku, ku kuma nuna junanku idan aikin ya cancanta. Rubutun Hausa a intanet bai kai yawan masu jin harshen ba, kuma shafin kirki da babu mai nuna shi yana iya shekara a ɓoye ba a san da shi ba.