Je Ka Gaya Wa Ubanka

Kowane daren Alhamis ina gabatar da shirin zamantakewar iyali a gidan rediyon da nake aiki a nan Damagaram. Masu sauraro su kira, malamin da muke gayyata ya amsa, ni kuma nawa in ɗauki waya in tsare lokaci. Bana, bayan fitowar sakamakon bak da ƴan kwanaki, wata yarinya ta kira. Muryarta ƙasa-ƙasa, da ji ka san a bayan ɗaki ta ɓuya. Ta ce ta samu bak, tana son tafiya jami'ar Maraɗi, amma iyayenta sun rabu tun tana ƙarama. Uban ya ce uwar da ta riƙe ta ita za ta ƙarasa, uwar ta ce ai ba ita kaɗai ta haife ta ba. Sai ta ce, "Malam, cikin su biyun wa Allah zai tambaya?"

Malam ya gyara zama ya ce a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a cikin Risala, ciyar da ɗiya mace yana wuyan ubanta har ranar da ta tare a ɗakin miji, ko tana hannunsa ko tana hannun uwarta. Ban san lokacin da na tsoma baki ba, na ce, "To, da namiji ne fa?" Ya ce namiji in ya balaga, kuma lafiyarsa ƙalau, wajibcin ya sauka daga kan uba, abin da ya rage kyautatawa ce. Ya ƙara da cewa akwai malaman wata mazhaba da suka keɓe ɗalibin ilimi, tunda karatu ya hana shi nema. Mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, lokacin talla ya yi, ni kuwa na yi nisa. Wannan amsar na riga na ji ta shekara goma sha biyar da suka wuce, a bakin rumfar mahaifina cikin Kasuwar Dole, kuma ba a cikin lallausan harshe irin na Malam ba.

Ina ɗan shekara bakwai auren iyayena ya mutu. Kamar yadda aka saba, aka bar ƙanwata a hannun Inna don tana goye, ni aka miƙa ni gidan Baba. Ba zan yi ƙarya ba, matar Baba ba ta taɓa hana ni tuwo ba. Amma da na shiga kolej na tattara na koma wurin Inna, don gidanta ya fi kusa da lakwal, kuma a can akwai mai tambayata ko na yi karatu. Baba bai hana ba, bai kuma manta ba. Tun daga ranar na zama manzo tsakanin mutum biyu da ba sa ambaton sunan juna. Littafi ya ƙare, "Je ka gaya wa ubanka." In je in durƙusa, "Ka gaya wa uwarka ba ni da shi, wanda ya ɗauki kaya shi ya san nauyinsa." A hanya nake sassauta saƙon kowa kafin in isar. Ina jin a nan na fara koyon aikin jarida, wato tace magana kafin ta fita.

A Damagaram abin da sauƙi, tunda ko ba kuɗi akwai tuwon gida. Shekarar 2009 da na samu bak, na ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jarida a Yamai, a nan lissafi ya canza. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Akwai kuɗin mota, kuɗin rajista, ɗakin haya, abinci, ga takardun da malamai ke ba ka ka je ka buga da kuɗinka. Bursu kuwa ba kowa ke samu ba, ana duba maki da shekaru, kuma wanda ya samu ma ya san ba a ranar da yunwa ta zo take zuwa ba. Ni ban samu ba.

Na rubuta lissafina a takarda na kai wa Baba. Yana auna yadi ga wata mata, bai karɓi takardar ba sai da ta tafi. Ya duba, ya ninke, ya ce, "Na ciyar da kai har ka yi gemu. Ni ina kamarka na riga na yi aure ina ciyar da mahaifiyata. Ga ƙannenka tara a gida. In kana son sana'a ga rumfa." Na ce, "Baba, ku taimaka ko da rabi ne." Ya ce in je in tambayi kowane malami, ya sauke nauyinsa. Sannan ya ciro jika ashirin ya ce kuɗin mota ne.

Shekaru na yi ina riƙe da wannan maganar a zuciya. Sai da na fara ɗaukar albashi na ga yadda wata ke cinye kuɗi, sannan na soma kallon rumfar nan da idon mai ciyar da baki goma sha biyu. Duk da haka ban wanke shi tas ba, don a shekarar ya sake aure, kuma na san abin da aka kashe a lefe.

Inna ce ta ɗauka. Tana da tumaki uku da akuya, ta sayar da biyu. Ta roƙi matan adashensu suka ba ta kwasar farko. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakar mini fuska a gaban mutane, amma daren da zan tafi ta ɗinke kuɗin a cikin wata ƴar jaka ta ce in ɗaura a ƙugu, kada in kwance sai na ga gadar Yamai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kada ka gaya masa na sayar da tumaki, sai ya ce muna da shi."

Wata uku da zuwana, yaron motar da ke zuwa daga Damagaram ya neme ni a tasha ya ba ni ambulan. Jika goma ne, da saƙon baki daga Baba: kada uwarka ta sani. Haka ya riƙa yi, wani lokaci bayan wata biyu, wani lokaci sai an yi wata biyar shiru. Ba ka isa ka yi lissafi da shi ba, ba ka kuma isa ka tambaya ba, tunda kyauta ce. Na zauna ina riƙe da sirrin mutum biyu, kowane yana taimakona a ɓoye don kada ɗayan ya samu hujja. A tsakanin ɓoyon nan nasu na yi kwanaki ina shan gari da sukari, na kuma koyi zuwa gidan wani ɗan garinmu daidai lokacin da ake sauke tukunya.

Wani abokina da ke karatun shari'a ya taɓa ce mini me ya hana Inna ta kai ƙara. Ya ce a Faransa, inda muka gaji yawancin dokokinmu, nauyin iyaye kan ɗa ba ya faɗuwa don kawai ya kai shekarun girma, in yana karatu alƙali na iya sa a ci gaba da biya. Amma mu a Nijar har yau ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya, an sha yunƙurin yin sa yana wargajewa. Maganar aure da saki da riƙon ƴaƴa al'adar masu shari'ar ake bi, alƙali yana zaune da masu ba shi shawara kan al'ada, mafi yawan mutane ma ba sa kaiwa can, a wurin malamai ko fada ake kashe magana. Ko an yanka wa uba kuɗin ciyarwa, ana yanka shi ne yaro na ƙarami, daidai kuɗin koko da sabulu. Ba mai tuna ranar da yaron zai buƙaci ɗaki a wani gari. Ban da haka, wace uwa ce za ta yarda a ce ɗanta ya tsaya gaban alƙali da ubansa? Inna cewa ta yi gara ta sayar da zanen jikinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne a kan ƙanwata. Ta samu bak a 2014, da maki da ya fi nawa. Ita Baba bai ce ya sauke nauyi ba, ya san hukuncin sarai. Cewa ya yi akwai ɗan abokinsa da ya daɗe yana magana. A nan na gane cewa hukuncin da aka yi don ya kare ɗiya mace yana iya juyewa ya zama dalilin gaggauta aurar da ita, in uba ya ga shekara uku ko biyar na jami'a a gabansa. Ba laifin hukuncin ba ne. An tsara shi a zamanin da saurayi mai shekara goma sha biyar ke da gonarsa, mu kuma mun shigo zamanin da mai shekara ashirin da biyar ke jiran takarda kafin ya samu abin sayen sabulu.

Lokacin ina sabon ma'aikaci, albashina bai taka kara ya karya ba. Na je na durƙusa na ce, "Baba, ku bar mini ita, ni zan ɗauka." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka ji da bakinka ka faɗa." Sa'ar da muka yi a lokacin akwai jami'a a nan Damagaram, ba sai ta je Yamai ba, tana kwana ɗakin Inna. Ta gama, yanzu tana koyarwa. Auren da na so yi a shekarar sai da ya jira shekara huɗu, yarinyar kuma ba ta jira ba. Ban taɓa faɗa wa ƙanwata wannan ba, in ta karanta a nan to ta yi haƙuri.

Tun da na fara shirin nan na lura yawancin masu kira kan wannan matsala ba iyayen ba ne, ƴaƴan ne, ko yayyensu. Iyayen sun rabu sun huta, kowa ya kama sabuwar rayuwa, rigimar da ba su ƙarasa ba ita ce ake aika wa yaro a cikin ambulan. Na sha roƙon malamai da masu unguwa da ke zuwa shirin, in za a raba aure a zaunar da mutum biyun a yi maganar karatun yara har gaba, a rubuta, a sa shaidu. Sukan ce shawara ce mai kyau. Ranar saki kuwa kowa kayan ɗaki yake ƙirgawa.

Yarinyar da ta kira ba ta sake kira ba. Na gwada lambar sau biyu, wani namiji ya ɗauka ya ce shi mai shago ne, aron wayar aka yi.

Washegari Juma'a na biya gaida Baba bayan masallaci. Ya tsufa yanzu, ƙanina ke zaman rumfa, shi kuma rediyo ba ya barin gefensa. Muka gaisa, ya yi shiru, can ya ce, "Na ji ku jiya." Na ce to. Ya ce, "Ƴan kuɗin nan da nake aika maka Yamai, ka taɓa gaya wa uwarka?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To, bar shi haka nan."

Da yamma na je wurin Inna, na kasa riƙewa, na ba ta labari. Tana tsince shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce yaron motar nan jikan ƙawarta ne, duk ambulan ɗin da ya ɗauka sai ya biyo ya faɗa mata nawa ne a ciki, ita kuma ta rage daidai wannan daga abin da za ta aiko, ta ajiye wa ƙanwata.